Zumar Kande a Ɗakin Fararen Ɓeraye

Ku 'yan makaranta da ake turo mana koyon aiki, na ji abin da ɗayanku ya ce ranar da kuka fara zuwa, yana tsammanin takunkumi ya toshe mini kunne. Cewa ya yi ashe ɓera ma yana da mai reno. Ba komai, 'ya'yan cikina ma sun daɗe suna ce mini Uwar Ɓeraye, maƙwabtanmu na Ƙofar Kwaya kuwa har yau wasu ba sa yarda su ci ƙosai daga hannuna sai sun ga na wanke. Amma tunda na kusa ajiye aikin, na ce bari in rubuta maku yadda yake. Ban yi boko ina yarinya ba, ajin yaƙi da jahilci na shiga da goyo a bayana, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri ku ɗauki maganar.

Shara aka ɗauke ni yi a wurin binciken nan. Wanda ya shigo da ni ɗakin dabbobi shi ne Malam Bello, Bafulatani ne da ya daɗe yana bin likitocin dabbobi ruga-ruga kafin ya zauna a gari. Wata rana ya tarar ina karanta lambar da ke jikin sikeli a hankali ina motsa baki, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce to daga gobe in bar tsintsiyar waje, akwai ta ciki.

Kama ɓera shi ne abin da ya fara koya mini, kuma na daɗe ban iya ba. Ba a ɗaukarsa ta ƙarshen wutsiya, fatar tana iya saɓulewa. Ta gindin wutsiya ake riƙewa, a ɗora shi kan murfin keji ya kama da ƙafafunsa, sannan a kawo ɗayan hannun ta bayan kafaɗa, ba matsi ba sako. Satin farko an cije ni a babban yatsa, na yi cilli da shi, Malam Bello ya bar ni da jinina ya je ya duba ko ɓeran ya ji ciwo. Da ya dawo ya ce mini saniya da ɓera halinsu ɗaya, hannun mutum suke saurare kafin muryarsa. In hannu yana rawa sun sani.

Sai shimfiɗa. Dusar katako muke sa masu, ni nake zuwa wajen kafintoci in zaɓo. Ba kowace ba, in katakon an shafa masa maganin gara ba a so, shi ya sa nake sunsunawa kafin a zuba a buhu, yaran shago suna dariya. A tankaɗe, a shanya, a sa a tukunyar tururi. Tukunyar nan kun ganta a lungu, mai murfi da ƙusoshi. Duk abin da zai shiga ɗakin da duk abin da zai fita sai ya bi ta cikinta. Ruwansu a kwalba yake, mai ɗan bututun ƙarfe, kuma kowace safiya sai an taɓa bakin bututun da yatsa an ga ɗigo ya fito, don yakan toshe, ɓera ya wuni da ƙishi kwalba cike a kansa. Farar riga, safar hannu, takunkumi da takalmin roba ba ado ba ne. A ɗakin ciki akwai cutar da ke kashe mutum.

Sa alama ma aiki ne. Fararen ɓeraye duk kamarsu ɗaya, alƙalamin da ake zana masu a wutsiya kuwa zafin garin nan busar da shi yake. Malam Bello ne ya kawo shawarar lalle, manya suka duba suka yarda, da sharaɗin kowane ɓera ya samu daidai da na ɗan'uwansa. Wannan a ka, wannan a gadon baya, wannan ƙafar dama. Ni nake kwaɓawa. Ranar sa lalle ɗakin kamar gidan biki yake wari.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai ɗalibin da zai zo ranar Litinin yana son amsa kafin Juma'a. Akwai babban mutum da rawani a zuci, wanda in ɓera ya motsa sai ka gan shi bakin ƙofa yana cewa waya ce ta kira shi. Akwai masu zuwa da saiwar itace da kakarsu ta ce tana maganin komai. Duk muna karɓarsu in an ba su izini, don ba a taɓa dabba ko ɗaya sai kwamitin da ke duba haƙƙin dabbobi ya yarda. Malam Bello yakan ce ɓeran nan bai ci mana hatsi ba, bai ɓarnata mana tufa ba, mu muka haife shi a keji muka sa masa ciwo. To abin da zai wanke mu gaban Allah ɗaya ne, ciwon nan ya haifar da amsa ta gaskiya. In aka yi wasa aikin ya lalace, an zalunce shi a banza.

Aikin sanƙarau Dakta Safiya ce ta kawo shi, likitar yara ce, 'yar cikin gari, gidansu na nan wajen Gobarau. Ba sai na gaya ma ɗan Katsina mene ne sanƙarau ba, kowa ya san yadda yake zuwa da bazara, yaro ya kwanta da zazzaɓi wuya ya sanƙare. Yadda ta bayyana shi ne, akwai allurar da ke kashe ƙwayar cutar, ana yi a asibiti. Amma sau da yawa ƙwayar ta mutu, kumburin da ta bari a kai ya ci gaba da ɓarna, sai yaro ya tashi ba ya ji, ko ya tashi ba kamar da ba. Ita tana neman magani na biyu ne da za a ɗora kan allurar, ya kwantar da kumburin. Ba a fara gwada irin wannan a jikin ɗan mutum. Shi ya sa ake zuwa wurinmu.

Ga yadda ake yi. A sa ɓerayen barci, a sa masu cutar. In ta kama, dukkansu a yi masu babbar allura. Sannan rabi a ƙara masu sabon maganin, rabi a ba su ruwan gishiri mai kama da shi. A wani ɗaki ake zuƙo sirinjin, mai haɗa magunguna kaɗai ya san wane ne wane. Ni ban sani ba, Dakta ma ba ta sani ba sai an gama, don kada ido ya ga abin da zuciya ke so. Namu kallo ne. A auna nauyi. A kwantar da ɓera rigingine a ga ko zai juya da kansa. A duba gashi ko ya tashi, a duba ido. Wanda wahala ta kai shi inda ba dawowa, a kira likitan dabbobi ya sa shi barcin ƙarshe, ba a barinsa yana shure-shure. Waɗanda suka warke kuwa a sa su a wani akwati mai ɗan lasifika, ya yi ƙas, a ga ko kunne zai motsa. Duk abin da aka yi ma keji ɗaya dole a yi ma sauran, abinci ɗaya, ruwa ɗaya, har wurin zama juya su muke don kada wasu su fi shan iskar taga.

Shekarar da ta ba mu wuya, Malam Bello ya riga ya ajiye aiki ya koma cikin danginsa, ɗakin yana hannuna. Zafi aka yi wanda tun hantsi ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Wuta ba ta zama, janareta ya lalace. Buhunan algarara muke jiƙawa mu rataya a tagogi, kafin ka juya sun bushe. Dakta kuwa ta daɗe tana jiran izini, ta daɗe tana jiran maganin ya iso, kuma ɗan abin da aka aiko mata na gwaji ɗaya ne tak. In wannan ya lalace, shekarar karatunta na ƙarin ƙwarewa ta tafi, kuma ba ta da tabbacin za a sake aiko mata.

Saboda yawan aikin aka ba ni mataimakiya, Kande, sa'ata ce, mun san juna tun a gidajen suna. Mace mai tsabta, mai hannu, ba ta ƙyamar komai. Ɗanta Isiyaku sanƙarau ne ya kama shi yana ƙarami, ya rayu amma kunne ya tafi, yanzu tela ne da iyalinsa. Kande ta yi imani abin da ya tsayar da ransa bayan allurar asibiti zuma ce da man habbatussauda da ta riƙa ɗiga masa a baki. Na gaya mata dokokin ɗakin duka, kada a ƙara kada a rage, ta ce ta ji.

Wanke kwalabe nake wata safiya, bayan ciwon ya kama su sosai, sai na ga kiyashi. Layi suka yi daga tsagar bango, suka hau ƙafar teburi, suka wuce keji biyu ba su kula ba, suka tsaya a bakin bututun na uku. Na bi wani layin, shi ma haka, ya tsallake wasu ya zaɓi wasu. Kiyashi ba ya bin ruwan banza. Na cire kwalba ɗaya na fita da ita inda ake wanki, na buɗe, ƙamshin habbatussauda ya bugo ni ta cikin takunkumi.

Ban yi magana a ɗakin ba. Na canza kwalaben duka, na jira aka tashi, muka fito tare da Kande ana kiran la'asar. Sai da muka bar titin GRA muka shiga inuwar wani dogon yaro na tambaye ta. Ba ta yi musu ba ko kaɗan. Ta ce tun ranar da suka fara kwanciya take yi, in ta ga wanda ya dunƙule ya ƙi shan ruwa sai ta ɗiga masa 'yar zuma da man a kwalba. Da kuɗinta ta saya, zuma mai kyau ta ƙauye. Har ta ce in lura, waɗanda ta ba sun fi saurin ɗagowa.

Na ce mata ai nan matsalar take. Yanzu in ɓera ya tashi, wa zai ce maganin Dakta ne ko zumar Kande? Ta ce to ba tashin ake nema ba?

"Yaya Rabi, ke uwa ce. Ki ga abu na numfashi sama-sama, maganin na cikin jakarki, ki wuce? Mi zan ce ma Allah?"

Na ce mata abin da Malam Bello ya ce mini, cewa ciwon nan mu muka sa masu, kuma bashin da ke kanmu amsa ce. Na ce in muka yi shiru, Dakta za ta ga ɓeraye sun tashi ta rubuta cewa maganinta ya yi, wasu su karanta su ɗora a kai, wata rana a kai shi gadon yaro kamar Isiyaku alhali ba shi ya yi aikin ba. Sai Kande ta roƙe ni in bari, ta ce ta daina daga yau, ba wanda ya sani sai ni da kiyashi. Na ce ba zan iya ba. Amma na fi so Dakta ta ji daga bakinta, ni zan tsaya kusa da ita.

Washegari da safe Dakta ta shigo da fara'a, ta gaishe mu da gajiya da zafi da yara, tana cewa bana ɓerayen sun ba ta mamaki, ba su mutu kamar yadda ta ji tsoro ba. Kande ta durƙusa, ta ciro kwalbar zumar ta ajiye a ƙasa tsakaninsu, ta faɗi komai. Dakta ta jawo kujera ta zauna. Ta tambaya waɗanne keji ne, Kande ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, duk wanda ta ga ya fi jigata ranar shi take ba, yau wannan gobe wancan. Ta tambaya ɗigo nawa, Kande ta ce yadda hannu ya ba da. Dakta ta cire tabarau ta riƙe. Can ta ce, "Iya, da kin zuba ma kowa daidai, da na san yadda zan yi. Mi ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Kande ta ce ita a saninta ba a neman izini kafin a ba mara lafiya zuma.

Dakta ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ma da nata laifin, ta kafa doka ba ta taɓa zaunar da mu ta faɗi dalilin dokar ba, ni ma na faɗa ma Kande kada a yi, ban faɗa mata don me ba. A ranar ta je ta sanar da na sama da ita. Akwai wanda ya ba ta shawarar ta cire kejin da aka ga kiyashi ta ci gaba da sauran, ta ce kiyashi na jiya kawai ya nuna, na shekaranjiya fa? Aka soke gwajin gaba ɗaya. Ɓerayen da suka rage likitan dabbobi ya zo ya sa su barci, don wanda aka sa ma cutar ba ya fita daga ɗakin. Kande ce ta ce ita za ta riƙe masa su. Ɗaya bayan ɗaya ta miƙa, da lallensu a ka da baya, ta kwashe dusar ta sa a tukunyar tururi, ta wanke kejin har rana ta yi tsaka.

An so a sallame ta. Dakta ce ta hana, ta ce wadda ta kawo kwalbar da hannunta ta ajiye ba ita ce abin tsoro ba. Sauran shekarar kiwo kawai muka yi, muna haɗa mata da maza, muna yaye 'ya'ya, Dakta tana asibiti tana ta neman a sake aiko mata maganin. Abokan karatunta suka gama suka bar ta. In ta leƙo takan tsaya bakin ƙofa ta ce, "Iya Kande, yau mi aka dafa ma baƙin namu?" Kande ta rufe fuska da mayafi.

Allah ya sa aka sake aikowa. Kafin a fara, Dakta ta tara mu duka har mai gadi, ta zana a allo, ta yi bayani da Hausa tun daga tushe, irin zaman da na yi da ku ranar farko kuna hamma. Daga lokacin ya zama al'adar ɗakin nan. Ta kuma nemi izini aka sa cikin tsari cewa duk ɓeran da ke gwajin, mai ƙarfi da mara ƙarfi, za a ba shi ruwan gishiri da sukari awo ɗaya, lokaci ɗaya, don ta ce Kande ta ga gaskiya a wuri guda, mara lafiyan da ba ya sha ƙishi ke fara kayar da shi. Kande aka ba wannan aikin. Da sirinji take aunawa, ta ɗaga shi sama ta ƙanƙance ido, kuma ba ta taɓa tsallake keji ba.

Gwajin ya tafi lafiya har ƙarshe. Ranar da mai haɗa magunguna ya faɗi wane ne wane, Dakta ta wuni a ofis, da yamma ta zo ta same mu muna tankaɗe dusa. Ta ce maganin bai yi ba. Waɗanda aka ƙara ma da waɗanda ba a ƙara ma ba, tashinsu ɗaya, jinsu ɗaya. Na ce mata sannu. Ta ce ba abin sannu ba ne sosai, yanzu an san wannan ƙofar ba ta ɓullewa, ba za a tsaya ana ƙwanƙwasa ta da 'ya'yan mutane ba, kuma da an bi na bara da yanzu tana can tana murnar ƙarya.

Kande ta kakkaɓe hannu ta ce to tunda na Turawa ya gaza, a gwada nata mana, a gani.

Dakta ta ce ba ta ƙi ba, ana gwada irinsu, in an nemi izini aka samu. Amma ta san sharaɗin. Za a sa ma duka ciwon, rabi su sha zumar, rabi ba za su ɗanɗana ba.

"Kuma ke za ki riƙa duba su kullum, Iya. Kina ganin wanda ya dunƙule, zumar na ɗaki na kusa, ki auna shi ki maida shi ki rufe."

Kande ta dubi kejin da muka jera a rana, ta dube ni. Ta ce a bari tukuna, ba bana ba. Zumar da ta rage ta kai ma 'ya'yan Isiyaku suka sha da koko.

Har ta ajiye aiki ba ta sake tada maganar ba, amma sirinjin ruwan sukarin nan da kuke gani rataye a ƙusa nata ne, ita ta ɗaura masa jan zare. Gobe in Allah ya kai mu shi zan miƙa ma wanda ya ce ɓera na da mai reno. Akwai guda a keji na ƙarshe, mai lalle a ƙafar hagu, tun jiya ya dunƙule yana kallon mutum. Za ka ba shi awonsa daidai da na sauran, ka rufe, ka wuce na gaba.